Tudun da ke tsakiyar gonarmu: kabarin mutanen da ne, kuma me doka ta ce a kansa?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Kirfi, jihar Bauchi. A gonar da muka gada akwai wani tudu da ya ɗan fi mutum tsayi. Kakanmu bai taɓa yarda an sa masa garma ba, yakan ce kushewar mutanen da ce. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi mukan tsinci tsingaro da 'yan duwatsun wuya a gindinsa. Bana wasu baƙi sun zo da wata na'ura, suka ce akwai zinariya a ciki, za su ba mu kuɗi su tona. Yayana ya ce a karɓa, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Wani kuma ya ce idan muka kai rahoto gwamnati za ta ƙwace gonar. Shin da gaske kabari ne? Me ya kamata mu yi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan kakanku da rahama, don da ba domin shi ba da yanzu babu tudun da za mu yi magana a kansa. Tambayarka kashi uku ce: mene ne wannan tudu, me za a rasa idan aka tona shi, sannan ina matsayinku a wurin hukuma idan kuka sanar. Tun da farko zan faɗa maka inda na tsaya. Kada ku bari a sa masa diga, ko nawa aka ba ku. Sauran bayanin duk dalilan wannan magana ne.

Ba kowane tudu ne kabari ba

Daga bayanin da ka yi ba zan iya yanke hukunci in ce kabari ne ba, kuma duk wanda ya yanke ba tare da ya taka wurin ba kintace ya yi. Tuddan da muke haɗuwa da su a karkarar Bauchi da Gombe iri-iri ne. Akwai tsohon suri da gara ta bari ruwa ya zaizaye shi ya baje, wannan ƙasarsa a dunƙule take, mai tauri, ba tsingaro a jikinta sai wanda ya faɗo daga baya. Akwai tsibin kashin maƙera, inda aka daɗe ana narka tama. Shi ba ya ɓuya: baƙaƙen dunƙule ne masu nauyi da ƙofofi a jiki, haɗe da fasassun bututun yumɓu da ake hura iska da su. Ƙasarku ta Kirfi cike take da irinsu, haka ma cikin dajin Yankari, inda har yanzu akwai tsofaffin matoyan ƙarfe a tsaye. Akwai kuma tulin katsi a bakin tsohuwar marina, mai launin toka da ɗan shuɗi-shuɗi.

Wanda ya fi yawa shi ne tudun kufai. Mutane sun zauna wuri ɗaya shekara da shekaru, ɗaki ya rushe a baje shi a yi sabo a kansa, daɓe a kan daɓe, toka da juji suna taruwa, har ƙasa ta tashi. Mafi shahara a Najeriya shi ne tudun Daima da ke kusa da Ngala a Borno, wanda masanin kayan tarihi Graham Connah ya tona a 1965 da 1966. Kaurin ƙasar da zaman mutane ya tara a wurin ya kai wajen mita 11, zama ne da ya faro tun ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam, ya ci gaba fiye da shekara dubu ɗaya da rabi. A ƙasarku ma an yi irin wannan aiki: Dakta Abubakar Sule Sani na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi bincike da tono a Kirfin Sama da Tudun Dangawo. Abin lura a nan, tudun kufai ma yakan ƙunshi kaburbura, saboda mutanen da da yawa a cikin gida suke binne mamatansu, a Daima ma an samu haka. Ke nan maganar kakanku tana iya zama gaskiya ko da tudun ba don kabari aka tara shi ba.

Ko tsibin duwatsu ma ba lallai ne ya zama kabari ba. Wanda ke Panshanu a kan hanyar Bauchi zuwa Jos, da ake kira Kwandon Kaya, labarin da aka gada yana danganta shi ne da yaƙe-yaƙen Sarkin Bauchi Yakubu na farko da mutanen duwatsun wurin, kuma yana cikin wuraren tarihi da gwamnatin tarayya ta ayyana.

Idan na je duba tudu, abin da nake fara yi shi ne in zagaya shi a ƙafa, ba tare da na taɓa komai ba, kuma na fi son lokacin da aka yi ruwan farko, ƙasa ta wanku, ciyawa ba ta rufe ba. Ina duban siffarsa: tudun kufai yakan yi faɗi, ba shi da tsari, samansa a baje, tsingaro ko'ina har can nesa da shi, ga gutsattsarin dutsen niƙa, ga ƙasa mai toka-toka, sau da yawa ga kukoki a kusa. Tudun da aka tara da gangan a kan mamaci yakan zama kewayayye, kansa a dunƙule, ƙasarsa iri ɗaya ce ba shimfiɗa-shimfiɗa ba, tsingaro kaɗan ne a jikinsa, wani lokaci akwai alamar kwari a kewayensa inda aka ɗebi ƙasar, kuma ba kasafai yake zama shi kaɗai ba. Ka duba gonakin maƙwabta ko akwai 'yan'uwansa da garma ta rage musu tsayi. Sai in sunkuya a inda ruwa ya yanki gefensa in duba bangon: layin gawayi, layin jan daɓe da wuta ta gasa, bakin tukunya da ke leƙowa. Wannan yankan ruwa yakan gaya mini abin da na'urar baƙinku ba za ta taɓa faɗa ba.

Tuddan kaburbura na gaske

Akwai su a ƙasar Hausa, ba labarin wata duniya ba ne. Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a jihar Katsina, tuddai ne da tarihin baka ya ce kaburburan Durɓawa ne, sarakunan Katsina na farko. Baturen mulki H. R. Palmer ya tona wasu a 1907. Abin da ya fitar ya salwanta, bayanin da ya bari kuma ɗan kaɗan ne. A 1992 aka sake tona guda uku, aikin haɗin gwiwar masana daga Jamus da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya. Kowane tudu mutum ɗaya aka samu a tsakiyarsa, tare da kayan ƙarfe da na tagulla, duwatsun ado, wuri, ragowar tufafi da fatu, har da tasa da aka ƙera a Gabas ta Tsakiya da 'yan kunne na zinariya. Gwaji ya nuna kaburburan sun faɗo tsakanin ƙarni na 14 da farkon na 16. An kai kayan birnin Mainz a Jamus aka gyara su, aka dawo da su Katsina a 2014. Daga tuddai uku kacal aka tabbatar cewa ƙasar Hausa tana cikin cinikin da ya ratsa Sahara tun wancan zamani, da hujjar da ake iya riƙewa a hannu. Ka kwatanta tonon 1907 da na 1992: wuri ɗaya ne, amma na farko kusan ba abin da ya bar mana.

Al'adar ta yaɗu a Afirka ta Yamma. Malamin Andalus al-Bakri ya rubuta a 1068 yadda ake binne sarkin tsohuwar daular Gana: a yi rumfar katako, a kwantar da shi da kayan adonsa da makamansa da kwanukan abincinsa, a rufe da tabarmi, jama'a su yi ta zuba ƙasa har ta zama tudu babba, a haƙa rami a kewaye. A Senegal da Gambiya akwai dubban tuddai da da'irorin duwatsu a kan kaburbura, huɗu daga cikin wuraren, Wassu da Kerbatch da Sine Ngayene da Wanar, UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 2006. Dukkansu a karkara suke, a tsakiyar gonakin gero da gyaɗa, manoma na aikinsu a kewaye.

Batun zinariya

Tunda na ambaci 'yan kunnen Durɓi, ba zan ce maka ba a taɓa samun zinariya a kabari ba. An samu, amma a kaburburan manyan sarakuna da suke kan hanyar fatake, kuma 'yar kaɗan. Mafi yawan tuddan karkara abin da ke cikinsu tukwane ne, ƙasusuwa, gawayi, tsatsattsen ƙarfe da 'yan duwatsun wuya. Na'urar da suka zo da ita kuwa kowane ƙarfe take yi wa kuka, ko tsohuwar fartanya ce ko kashin maƙera, kuma ba ta jin abin da ya yi zurfi sosai.

A fahimtata, maganar zinariya sau da yawa hanyar shiga ce. Abin da masu irin wannan yawo suke nema shi ne mutum-mutumin yumɓu, kayan tagulla da tsofaffin duwatsun ado, waɗanda ke da kasuwa a Turai da Amurka. Mun ga yadda ta kaya a ƙasar Nok a kudancin Kaduna da kuma Kwatarkwashi a Zamfara cikin shekarun 1990, da Bura a Jamhuriyar Nijar, inda aka tone wurare ɗaruruwa ba tare da an rubuta ko layi ɗaya ba. Ɓarnar ta kai har majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Nok da na Sakkwato da Katsina da na Bura a jerin kayan Afirka da aka hana saye a shekarar 2000. Manomin da aka tona gonarsa ɗan abin da ya samu bai kai ya ambata ba, dillalan da ke can gaba su suka ci riba.

Na taɓa isa wani tudu a kudancin Bauchi bayan masu tono sun riga mu. Rami suka zurara daga ƙoƙon kansa kai tsaye, kamu huɗu ko biyar. A bakin ramin ga tukunya babba an fasa ta da diga don a ga abin da ke ciki, ga ƙashin haƙarƙarin mutum da haƙora a warwatse cikin jar ƙasa, awaki suna takawa. Damina ɗaya da ta biyo baya ruwa ya taru a ramin, gefe guda ya zabtare, ya fara cin gonar da ke ƙasa. Mai gonar, dattijo, ya tsaya yana kallo ya ce mini, "Malam, ko kuɗin taki ba su ba ni ba." Mun tattara ƙasusuwan mun rufe. Ba abin da za mu iya rubutawa game da mutumin, ko zamaninsa.

Abin da ake rasawa

Mutane suna ɗauka darajar wuri irin wannan tana cikin kayan da ke ciki. A wurinmu, mu masu binciken kayan tarihi, darajar tana cikin yadda kayan suke kwance: me ke sama, me ke ƙasa, me ke kusa da me. Gawayin da aka ɗauko daga layin da ba a taɓa ba ana iya auna shekarunsa, saboda wani nau'in sinadarin kabon da ke jikin duk abin da ya taɓa rayuwa yana raguwa da rabi duk shekara 5,730. Da irin wannan awo aka gane kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a Yobe a 1987, ya kai wajen shekara 8,000. Ƙonannen ƙwayar hatsi yana gaya mana ko gero suke ci ko dawa. Haƙori yana nuna shekarun mamaci da irin abincinsa. Kwanciyar gawa da inda fuskarta ke kallo suna nuna ko Musulunci ya iso wurin a lokacin ko bai iso ba. Da zarar diga ta cakuɗa layukan, duk wannan ya tafi, ba kuma mai iya mayar da shi. Tukunyar da aka zaro aka kai kasuwa kamar mutum ne da aka tsinta a tasha ba ya magana: ga shi dai, amma ba a san garinsu ba, ba a san danginsa ba.

Wannan asara ta fi ciwo a yankinmu. Tarihin Bauchi da Gombe da aka rubuta mafi yawansa ya fara ne daga jihadi, daga Malam Yakubu da Buba Yero. Abin da ya gabaci haka, na mutanen da suka zauna a bakin kogin Gongola da kan duwatsu, suka narka ƙarfe, suka yi zanen da ke Geji da Shira, yana cikin bakin tsofaffi ne da kuma cikin ƙasa. Tsofaffin suna ƙarewa. Shi ya sa ko mu masu aikin ba ma ɗokin tono, domin tono, ko na masani ne, rushewa ne. Ɗan yanki muke buɗewa, sauran mu bar wa na baya da za su zo da kayan aikin da suka fi namu.

Doka, da tsoron ƙwace gona

Hukumar da abin ya shafa ita ce Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, NCMM, wadda Doka ta 77 ta 1979 ta kafa. Dokar ta hana kowa tono don neman kayan tarihi sai da izinin hukumar. Ta hana saye da sayar da su sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi, ta hana fitar da su waje ba da takarda ba. Ta kuma ɗora wa wanda ya ci karo da irin waɗannan kaya ya sanar da hukumar da sakataren ƙaramar hukumarsa cikin kwana 7. Saboda haka cinikin da aka kawo muku haramtacce ne a doka, kuma idan ta ɓaci baƙin za su shiga mota su tafi, ku da gonarku kuna nan.

Sanarwa kuma daban take da ayyana wuri a matsayin wurin tarihi na ƙasa. Ayyanawa doguwar hanya ce: sai an buga sanarwa a jaridar gwamnati, an ba mai wurin dama ya kawo ƙorafi, kuma dokar ta yi tanadin diyya. An daɗe ana ƙidaya wurare 65 ne kawai a duk Najeriya da suka samu wannan matsayi. Na jihar Bauchi sun haɗa da Gidan Madaki a Kafin Madaki, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu da aka ayyana tun 1956, da zanen duwatsu na Geji da Shira da Shadawanka, da kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Abin da aka saba gani idan aka kai rahoton tudu a gona shi ne ma'aikata su zo su duba, su auna, su ɗauki hoto, su rubuta, su roƙi mai gona ya kula da shi. Ni ba lauya ba ne, idan magana ta kai ga takardar gona ko diyya ku nemi lauya, amma a iya aikina ban ga an raba manomi da gonarsa don ya nuna tudu ba.

Gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce matsalar a ɗaya gefen take. Hukumar ba ta da isassun ma'aikata da motoci, tarar da ke cikin dokar da kuɗin 1979 aka yanka ta, yau ba ta tsorata kowa. Allon gwamnati da aka kafa a daji ba ya hana mai tifa ɗibar ƙasa, ba ya hana katafilar ɗan kwangila. A karkara abin da ke tsare wuri shi ne mai gona da ya ce a'a, da mai unguwa da dagaci da hakimi da suka tsaya a bayansa. Tudunku shaida ne: ba takardar gwamnati a kansa, maganar dattijo ɗaya ce ta riƙe shi har yau.

Na san wani zai ce ai kaburburan waɗanda ba Musulmi ba ne, kula da su kamar girmama su ne. Fatawa ta malamai ce, ku tambayi limaminku. Abin da zan ce kawai, ba wanda ya nemi a yi wa tudu yanka ko a roƙi wani abu a wurinsa, a bar shi yadda yake kawai ake nema. Alƙur'ani ya ce Allah ya karrama 'yan Adam, ya kuma umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Watsar da ƙashin mutum don neman 'yan kunne ba ya cikin tarbiyyar kowa a cikinmu.

Abin da za ku yi yanzu

Ka zauna da Yaya cikin girmamawa, kada ka sa ya ji kamar ana zarginsa da kwaɗayi, halin da ake ciki kowa ya san shi. Ka nuna masa lissafin: kuɗin sau ɗaya za a bayar, ramin kuwa zai zauna, ruwa zai bi shi ya ci gona, laifin kuma a wuyan masu gona zai rataya. Daga nan ku je wurin mai unguwa tare, a kai maganar ga dagaci da hakimi, domin baƙin idan kun ƙi suna iya dawowa da dare ko su koma gonar maƙwabci. Idan an san lambar motarsu a ba hakimi, shi ya san yadda zai yi da 'yan sanda ko sibil difens.

Sai ku sanar da ofishin hukumar da ke Bauchi, ko gidan tarihi na Jos, a rubuce, ku ajiye kwafi, a kai wani kwafin sakatariyar ƙaramar hukuma. Sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello ma ya san ƙasar Kirfi, suna kuma fita da ɗalibai aikin fili. Ka ɗauki hoton tudun ta kusurwa huɗu da mutum a tsaye a gefensa don a gane girmansa, ka auna faɗinsa da taku, ka rubuta sunan da ake kiran wurin da duk abin da tsofaffin gari suka sani a kansa, ka ɗauki muryarsu a waya idan sun yarda. Hotunan kuwa kada ka sa su a Facebook ko TikTok da sunan ƙauyen, masu tono suna bibiyar irin wannan fiye da yadda kake zato.

Noma kuma ku ci gaba da abinku. Ku bar taku biyar ko shida tsakanin kunyar ƙarshe da gindin tudun, musamman idan tarakta za ta shiga, don ita ke yanka zurfi. Ku ja kunyoyin kusa da shi a gicciye yadda ruwa ba zai riƙa gudu yana cin gindinsa ba. A bar ciyawa ta rufe shi, gamba ko jema suna riƙe ƙasa, ana iya yankarsu a yi amfani da su ba tare da an tumɓuke ba. Idan za a kewaye, aguwa ko bini-da-zugu sun isa, a can gefe. Kada a dasa manyan itatuwa a kansa, saiwarsu tana farfasa abin da ke ciki, wanda ya riga ya girma kuma kada a tuge shi. Kada a ɗebi ƙasarsa don yaɓe ko bulo, kada a mai da shi makwantar shanu.

Duwatsun wuya da tsingaron da kuka riga kuka tsinta, kada ku wanke su da omo ko ku goge. Ku sa su a leda ko gwangwani, da 'yar takarda mai ɗauke da gefen da aka same su da lokacin, ku ajiye har ma'aikata su zo. Wanda ke ƙasa har yanzu a bar shi a inda yake. Idan ruwa ya tono ƙashi, a ɗauki hotonsa, a rufe shi da ƙasa mai laushi, a jera duwatsu ta sama da wurin don a karya gudun ruwan, a gaya wa mai unguwa a ranar. Idan ka turo mini hotunan da awon, zan iya gaya maka wanne daga cikin ire-iren tuddan nan ya fi kama da shi.